Wa Zai Miƙe Ya Ce A Ƙirga?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha ɗaya ga wata, muna zaune a zauren majalisa Kakaki ya sanar da mu rasuwarka. Na juya na dubi kujerarka da ke maƙwabtaka da tawa, babu kai, babu sandar da ka saba jinginarwa a jikinta.

A-Ƙirga muke kiran ka, kana amsawa. Duk dokar da gwamnati ta kawo, in aka ce masu so su ce e, zaure ya ɗauki ihu, Kakaki ya ɗaga guduma, sai ka dafa sanda ka miƙe da gwiwarka mai ciwo ka ce, "Ranka ya daɗe, ihu ba ƙuri'a ba ne. A ƙirga." Ƙa'ida kuwa ta ce ko mutum ɗaya ya nema, dole kowa ya tashi a ga fuskarsa. A nan masu ƙarfin murya suke tuna suna da uzuri a banɗaki.

Ranar da na fara magana a zauren, bakina ya sarƙe, aka yi ta dariya. Ka miƙo mini ruwa ka ce, "Sha, ƙanena, rabin masu dariyar nan ba a taɓa jin muryarsu ba sai a ihu."

Tun da zanga-zanga ta rikita ƙasa aka kawo mana dokar da za ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da kotu ba. Kai ka titsiye minista a kwamiti har gumi ya jiƙa masa kwala.

Likita ya ce ciwon zuciya ne ajalinka, na karɓa, ban ɗora wa kowa ba. Amma wannan ƙauna da ta ɓullo bayan ranka ba ta kwanta mini ba. Waɗanda suka riƙa kashe maka makirufo su ne yanzu suka fi kowa hawaye. Kakaki da kansa ya ɗauko motoci, wai 'yan ɓangarenmu mu tafi gidanka gaisuwa ranar Alhamis da safe. Ranar Alhamis da safen kuma aka sa karatun ƙarshe na dokar. Ko a kotu zan rantse da gangan aka haɗa su rana ɗaya.

Na kira maiɗakinka na gaya mata. Ta ce, "Ƙanena, gaisuwa ba ta wucewa. Kada in gan ka a motar nan. In ma ƙafarka za ta yi rawa, aiko a karɓi sandarsa."

Na aika an karɓo, Yaya. Tana jingine a kujerata.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sassauta maka ranar da za a ƙirga ayyukan kowa. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙuri, ni kuma Ya ƙarfafa gwiwata ranar Alhamis. Amin.