Tsintsiya a Gefen Kunkuru

Mai Tsintsiya ba ta damu da dabbobi ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Abin da take so shi ne ta ga titi tas. Tun tana goyon ɗanta na fari hukumar shara ta ba ta kwanar da ke tsakanin gidan mai da tafki, a nan ta yi furfura. Kafin motocin safe su yi yawa ta kwashe duk abin da taya ta bi ta kai: bushiya, kwaɗi, da damina kuwa kunkuru masu tsallakawa zuwa ruwa. Ta zuba a baro, sai bola.

Surukarta, matar ɗanta, mai aiki a kantin magani, ita ta zo da labari. Akwai masu sa kai da ke ɗaukar hoton dabbar da mota ta take, su tura ta waya. Inda hotuna suka yi yawa, nan za a yi wa dabbobi hanya ta ƙarƙashin titi.

"Inna, kwanarki an ce lafiya lau take. Ko hoto ɗaya babu."

"Yo ina za su gani? Kafin su wanke ido na kwashe."

Mijin Mai Tsintsiya, tsohon direba, ya yi dariya har da tari. "Ashe tsabtarki ce ke cin kunkuru, tsohuwa."

"Tayarku ke ci, ni ke kwashe muku."

Amma abin ya tsaya mata a rai. Ba tausayi ba ne, in ji ta. Ɓawon kunkuru wuyar kankarewa gare shi a kwalta, ga gwiwa ta fara ciwo. In aka yi hanyar a wani wuri, haka za ta ƙare a durƙushe.

Surukar ta ba ta tsohuwar wayarta, ta nuna mata inda ake dannawa. Hotunan farko rabinsu yatsa ne. Da aka ce a riƙa ajiye wani abu a gefe don a gane girman dabba, sai ta ajiye tsintsiya. Shugaban aikinta ya tarar da ita tana saita waya, ya ce ba don wannan aka ɗauke ta ba.

"Ranka ya daɗe, in ɗauka ne in share. Ka taɓa samun ƙazanta a kwanata?"

Ya ja babur ɗinsa ya wuce.

Damina ta zo ta tafi, wata ta zo. Sannan leburori suka fasa titin, suka binne ƙaton bututu, suka ja gajeren shinge da zai kora dabbobi zuwa bakinsa. Bushiya har yanzu takan yi taurin kai. Kunkuru kuwa sun kama hanya.

"An kashe miki kasuwa," in ji mijin.

Da safe ta kwantar da tsintsiya a kan kwalta, ba komai a gefenta, ta ɗauki hoto ta tura.