Ranar da Aka Rufa wa Tukunyar Gas Bargo

Maigidana mutum ne mai taurin kai, kuma na san haka tun kafin a ɗaura mana aure, don haka ba ƙara nake kawowa ba. Yana da lambu a bakin kogi, kudu da Sinnar, gadon mahaifinsu. Albasa yake yi da sanyi, in ta tashi ya zuba abin da ƙasa ta yarda da shi. Idan kana son ka ga fara'arsa, to ka same shi tsaye cikin laka har idon sawu yana buɗe wa ruwa hanya. A gida kuwa baƙo ne, ya ci ya yi salla ya kwanta.

Injin ban-ruwansa, wanda mu a can muke kira babur, ƙarami ne. Da fetur ake tashinsa, in ya yi zafi a juya shi kan kananzir don sauƙi. Yana zaune a wani kwari a jikin gaɓa, ƙarƙashin rumfar kara mai gajarta, kuma ba a nisa da shi, don da an juya baya sai ya mutu. Shekara da shekaru maigida yana tsugune a wannan rumfa yana shaƙar hayaƙi mai shuɗi. Ni mai wanki na san labarin. Jallabiyarsa sai na yi mata sabulu uku, ruwan farko baƙi ƙirin, kuma ko ta bushe warin kananzir na nan. In na yi magana ya ce shi bai ji komai ba. Gwano ai ba ya jin warin jikinsa.

Tari ya fara kamar wasa. Daga baya ya zama in ya hau gaɓa sai ya tsaya sau biyu, ƙirjinsa na fito kamar an danne kyanwa. Da ƙyar aka kai shi asibiti a Madani. Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce hayaƙin nan ne yake tayar da ciwon, in ya ci gaba da zama a cikinsa wata rana za a kawo shi a kwance, ko ma ba za a iso da shi ba.

Wansa ne ya raka shi, kuma da kunnensa ya ji. Tun rasuwar mahaifinsu maganar Yaya ce ta ƙarshe a gidan, har a kan ƙasa. Suna dawowa ya yanke hukunci a zaure, ina jiyo shi daga tsakar gida.

“Halas, magana ta ƙare. Lambun ga ba shi kashe min ƙane ina kallo. Na samu wanda za shi noma a raba. Kai ka zamna shago tare da ni.”

Maigida ya bi umarni, don ba a musu da wa. Aka sa wani maƙwabcin lambu, dattijo, ya riƙa ba albasar ruwa kafin mai noman ya karɓa. Kwana goma sha maigida ya yi a shagon Yaya yana auna sukari. Tarin ya ragu, gaskiya ne, amma mutumin ma ya ragu. Ya daina tsokanar yara, ya daina ƙorafin gishiri a miya, abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba. Na ji tsoro ƙwarai, domin na ga alamar in hayaƙi bai kai shi ba, zama zai kai shi.

Ni a lokacin ina suyar kifi a kasuwa, kusa da madatsar Makwar. Shekarun nan ne gas ɗin girki ya wadata a ƙasar, mu masu suya da masu shayi muka bar itace da gawayi muka koma tukunyar gas, wadda muke ce wa ambuba. Idona ya huta, kaskona ya daina baƙi. Akwai wani makaniki a bayan layinmu, kowa usta yake ce masa. Wata rana na wuce na ga janareto yana aiki a ƙofar shagonsa, an jona masa tiyo daga tukunya irin tawa sak. Na tsaya na sunkuya na shinshina kamar mai sayen turare. Babu baƙin hayaƙi, babu ƙauri. Na tambaye shi ko babur na ruwa zai iya cin wannan abincin.

“In na banzin ne, mai shan fetur, shi ci mana, Hajiya. Kawo shi.”

Muka ɗauko injin a amalanken jaki. Usta ya yi masa yini guda, ya sa masa abin da ke rage ƙarfin iskar kafin ta shiga, ya canja mai, ya ƙara wa bututun hayaƙi tsawo. Ya ja kunnen maigida: tukunya a tsaye kullum, a sama ba cikin kwari ba, don gas in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya; a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa kafin a tasa; a yaye rumfar nan iska ta ratsa, domin ko gas ne numfashin inji ba na mutum ba ne.

Saura Yaya. Maigida ya yi ta bin sa kwana uku kafin ya sakko, shi ma da sharaɗi. Za a ba shi rana ɗaya. Zai zo da kansa ya zauna. In injin ya shayar da albasa daga safe har azahar, kuma bai ji ƙirjin ƙanensa ya yi fito ba, to za a sake magana. In ko ɗaya ya kasa, shi ke nan, lambu ya tafi.

Sai in faɗi yadda nake da Yaya, don a gane abin da ya biyo baya. Ƙannen miji abokan wasa ne, amma wan miji abin kunya ne. Shekara goma sha huɗu ina gidan, abin da ya taɓa haɗa ni da shi bai wuce in durƙusa in gaishe shi ya amsa ba. In yana da saƙo gare ni, ƙanensa yake ba, ko da ina tsaye a wurin. Kuma a raina na riga na yanke cewa so yake gwajin ya lalace. Ba zan ɓoye ba, haushinsa nake ji.

Ranar ta faɗo tsakiyar sanyi. Tukunyata na bayar, wadda nake suya da ita, kuma a nan na yi nawa kuskuren: ta riga ta wuce rabi, ban kawo komai a raina ba. Suka tafi da sassafe, ni na tsaya haɗa abincin hantsi. Da na ɗauko kwanuka na kama hanya, ina ta kasa kunne. Daga wajen itatuwan giginya akan fara jiyo ƙarar injin. Na wuce giginya, shiru. Na ƙara sauri har miya na zuba mini a wuya.

Abin da na tarar, da ba ranar tashin hankali ba ce da na yi dariya har na faɗi. Injin ya yi kusan awa biyu yana aiki lafiya lau, sannan ya fara shessheƙa ya mutu. Da suka duba tukunyar sai suka ga gindinta ya yi fari fat da ƙanƙara, in ka taɓa hannu ya manne. Mutanen da ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai a shagon mai sayar da ruwan sanyi, yau ga ta ta tsiro a jikin ƙarfe a bakin kogi. Dattijon nan maƙwabci ya ce ai magana a fili take, ambuba ta ji sanyi. Ya ɗauko bargon da yake kwana da shi a bukka ya naɗe ta tsaf, har da ɗaure mata wuya da rawani. Aka ja igiya, injin ya yi atishawa biyu ya sake yin shiru. Maigida na tsaye da igiyar a hannu, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa.

Sai na hango Yaya. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa a ƙasa da farar jallabiyarsa, ya tara karan dawa da busasshen ganye a gindin tukunyar. Ashana na hannunsa. Wuta zai hura mata ta ji ɗumi, don injin ƙanensa ya tashi.

Ban san lokacin da kwanuka suka bar kaina ba.

“Yaya! Kada ku ƙyasta! Ku yar da kibiritin ga, za ku kashe mu duka!”

Muryar kasuwa na yi, wadda nake kiran masu sayen kifi da ita daga tsallaken titi. Kowa ya daskare. Yaya ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da aka kawo ni gidansu. Dattijon ya ce, “Ke ɗiyar ga, da wa kike?” Kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa, amma bakina bai tsaya ba, tunda an riga an fasa tulun.

Na ce su kwance bargon. Na ce duk mai suya da babbar wuta ta san wannan. Gas ɗin ruwa ne a ciki, kuma in ana zuƙarsa da sauri tukunyar sanyi take yi, ta ƙi ba da iska, balle in ta yi ƙasa kuma gari da sanyi. Bargo kuwa tsare mata sanyin yake yi a jiki. Mu a kasuwa cikin daro muke tsayar da ita mu zuba ruwa, wuta ta dawo. Wata mai shayi ce ta koya mini, ba wani karatu ba ne.

Yaya ya yar da ashanar. Ya juya wajen ƙanensa ya ce, “Ka ji abin da tac ce. Yi.”

Akwai gurbin da bututu ke zuba ruwa kafin ya bi kwalbati ya shiga albasa, a sarari, ruwansa ya kai gwiwa. Nan muka kai tukunyar. Ta so ta yi iyo, maigida ya kafa turke ya ɗaure ta a tsaye, kanta da tiyo a sama ba su taɓa ruwa ba. Ƙanƙarar ta narke muna kallo. Na ɗebo sabulun da na zo da shi don wanke hannu na yi kumfa, na shafe mahaɗar da kaina, kumfar ba ta yi ƙwai ba, alamar gas ba ya tsiyaya. Maigida ya yi bisimilla ya ja igiya. Ja na biyu injin ya kama, ya daidaita, bututu ya yi kaki ya fara aman ruwa. Dattijon ya naɗe bargonsa yana cewa shi dama ya so ya faɗi haka.

Abincin da ya tsira daga faɗuwa shi aka ci. Ni na koma gindin mangwaro nesa da su na zauna. Ba tsoron injin nake ba, na san zai yi. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da na yi kwana ashirin ina zagi a zuci, ga shi da laka a gwiwa saboda ƙanensa. Na ji kunyar zargin da na yi masa fiye da kunyar tsawar.

Rana ta yi sama. Maigida yana ta zirga-zirga da fartanya, ya toshe nan ya buɗe can, ya leƙa injin ya dawo. Babu shuɗin hayaƙin nan da ke kwanciya a kan ruwa. Yaya na zaune a kan gaɓa, carbi a hannu amma ba ya ja, idonsa na bin ƙanensa duk inda ya yi. Fangali na ƙarshe ya cika ana kiran azahar daga cikin gari. Maigida ya rufe kan tukunya, injin ya cinye abin da ke cikin tiyo ya yi shiru.

Ya hau gaɓa a tafiya ɗaya bai tsaya ba. Yaya ya miƙe ya ce masa ya juya baya. Ya ɗora kunnensa a tsakanin kafaɗunsa yadda ya ga likita ya yi da abin sauraro.

“Ja numfashi. Ƙara. Ƙara dai.”

Sun daɗe a haka, dattawa biyu masu furfura, ɗaya manne da bayan ɗaya. Sannan Yaya ya ja da baya ya karkaɗe jallabiyarsa, ya sa takalma. Ya dubi lambun tun daga bakin ruwa har shinge. Duk muna jira.

“To,” in ji shi, “in albasar ga ta tashi, mi za ka zuba wurin?”

Maigida ya buɗe baki nan take, kamar dama amsar na kan harshensa. Ya ce kuɓewa a gefen kogi, inda ƙasa ta fi danshi. Tumatir a sama. A tsakiya kuma lalo, in Allah ya yarda, don lalo... A nan muryarsa ta karye. Ya sa gefen rawani ya rufe fuska. Yaya ya kau da kai ya zuba wa kogi ido, ya ba shi lokaci har ya gama.

“Ci gaba,” ya ce. “Ina jinka.”