Giwar da ke Yi wa Eyenga Dako

Eyenga ba ta iya komai ba a duniya sai matsar man ajap, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Ta yi aure, mijin ya mutu, ta dawo gidan ubanta. Ta haifi biyu, birni ya kwashe su. Abin da ya rage mata bishiyar ajap ce guda da ta gada, can cikin kurmi, tafiyar rabin yini daga ƙauyensu na bakin kogin Ja. Ba a hawan ajap. Jira ake 'ya'yan su faɗo, a sha, a fasa ƙwallon a matse mai.

Da gwiwoyinta suka ƙi, kowa ya ce man Eyenga ya ƙare. Bai ƙare ba. Wata tsohuwar giwa ce ke zuwa gindin bishiyar ta haɗiye 'ya'yan ɗungurungum, sannan ta gangaro rafin bayan gonar Eyenga shan ruwa, ta sauke nauyinta a nan. Ƙwallayen kuwa lafiya lau suke fitowa, ko tsagewa babu. Sai Eyenga ta tone su daga cikin kashin da tsinke, ta wanke sau uku, ta shanya, ta ja bakinta ta yi shiru. Masu lashe yatsu suna cewa man bana ya fi na bara ba su tambaya ba, ita ma ba ta ga dalilin ɓata musu cin abinci ba.

Illar kawai ita ce, da ayabar mutane giwar take biyan kanta ladan dako. Aka taru a rumfar maza kan a kashe ta. Eyenga ta dogara sanda ta je.

"Ku ƙyale ta mana, tsohuwa ce."

"Haba Goggo," in ji Akono, ɗan wanta, mai bindigar ƙauyen, "tsohuwar da ta share gona uku? Ko ƙawarki ce?"

"Ta dai fi ka zuwa gaishe ni."

Aka kwashe da dariya. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, ta dubi mutanen da suka shekara shida suna cin manta, ta rufe. Tsoro ta ji, tsoron ranar da za a wuce kwalabenta ana toshe hanci.

Ran Talata Akono ya harbe giwar. Mutumin kirki ne, da kansa ya kawo mata tsoka mai kyau a ganye.

"Goggo, yanzu kam ba mai taka miki rogo."

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. Ta karɓa, ba ta ci ba.

Da ajap ta sake zuba, Eyenga ta ɗauki sanda da kwando ta nufi kurmi tun da sassafe. Rana ta take tana zaune kan wani kututture, har lokacin tana jiyo carar zakarun ƙauye. Ta huta, ta juyo. A bakin gari Akono ya leƙa kwandon.

"Goggo, bana bishiyar ba ta yi ba ne?"

"Ta yi," in ji ta. "Tana can."