Ƙoƙon da Ya Daina Faɗuwa

Shekarar da Yaya Rabi ta dawo gida goyon ciki, ina da shekara tara. Ƙauyenmu yana gabas da Baure, dab da iyaka, har idan akuya ta ɓata akan je nemanta a ƙasar Nijar. An gama girbi, sanyi ya fara shigowa. Dangin mijinta sun riga sun kawo itacen wankan jego, jaki bayan jaki, an jibge shi a bayan rumbu har ya fi ni tsawo. Ba a yarda kowa ya zari ko tsinke daga cikinsa ba. Mu wutar hirarmu ta kara ce, mai saurin ci da saurin mutuwa.

Kakarmu, mahaifiyar babanmu, Iya muke ce mata. Ita ce take karɓar haihuwa a unguwarmu kafin ido ya kasa mata. Amma kunnenta yana nan garau. Tana daga cikin ɗakinta za ta gaya miki wadda ta buɗe tukunyar miya. Idan an ci tuwo sai mu taru a ƙofar ɗakinta jin tatsuniya, mu da yaran maƙwabta, ta miƙe ƙafafu wajen wuta, ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai wuri."

Watan Yaya Rabi na tara ya cika, na goma ya tsaya, ba labari. Sai Iya ta ɗauki ragamar abin. Kowace safiya Yaya za ta yi daka, turmi biyu. Da la'asar ta taka zuwa rijiyar bayan gari ta dawo, ba tare da ta ɗauko ruwa ba. Miyar gidan ta koma ta yauƙi zalla, yau kuɓewa, gobe karkashi, har babanmu ya fara tambaya ko shi ma naƙudar ake jira ya yi. An tsefe mata kitso, don Iya ta ce kada a bar komai a ɗaure a jikinta. An hana ta rake da zuma, wai zaƙi yana tsare hanya, amma dabino Iya ta ce shi ba ruwansa da wannan doka. Aka sayo na Agadas a kasuwar Mai'adua, ana ba ta bakwai kullum.

Duk wannan hidima da ake yi, ba mai ambaton cikin a gabanta. Cikin fari ne, ita kuma 'yar fari ce. Innarmu ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce "waccan", ko "ke". Iya kaɗai ke da bakin tsokanarta, don tsakanin kaka da jika akwai wasa.

"Rabi, wannan baƙon naki sai an aika masa da goron gayyata ne?"

Yaya sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Rufe da kyau. Ranar da zai fito ai ba mayafin da zai ɓoye ki."

A ɗaki ɗaya muke kwana da ita, kuma muna da wani wasa namu mu biyu. Idan an tashi daga tatsuniya, ta kishingiɗa, sai in ɗora ƙaramin ƙoƙo a kan cikinta, mu zuba masa ido. Ba a jimawa sai ƙoƙon ya yi rawa, ya karkata, ya faɗi. Mu yi ta dariya muna toshe baki. Yaya takan ce, "Wannan ba zai yi haƙuri ba, halinki zai ɗauko, Kulu."

Ran nan na ɗora ƙoƙo, bai motsa ba. Muka jira har fitila ta fara lumshewa. Yaya ta ce barci yake. Kashegari ma haka. A rana ta uku da na ɗauko ƙoƙon sai ta riƙe hannuna.

"Bar shi. Kuma kada ki gaya wa kowa, kin ji? Ya kwanta ne. Ai ciki yana kwanciya."

Ta kwance bakin zanenta ta ba ni dabinonta na ranar, duka bakwai. Ta ce ba ta jin cin komai. Na karɓa. A lokacin dabino a wurinmu abin azumi ne da suna, ban taɓa riƙe bakwai a hannuna ba.

A kwanakin nan ne dakanta ya ƙaru. Tun da asuba za a ji taɓarya. Ta daka na gidanmu, ta aika a karɓo na maƙwabta. Mata suna leƙowa ta kan danga suna sa mata albarka. "Haka ake so. Wannan kam haihuwa za ta zo mata da sauƙi."

Da yamma ta huɗu muka taru wurin Iya. Yaya tana zaune can baya, inda hasken wuta bai kai sosai ba, Innarmu kuma tana gefe tana kaɗi. Iya ba ta yi wasan da ta saba ba. Ta buɗe tatsuniyar a hankali, muka amsa.

Ta ce an yi wata mata mai ciki, wadda ɗanta yake ƙwanƙwasa mata daga ciki kowace yamma, kamar mai sallama a ƙofa. Sai ta ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ni ne." Ta ce, "To, fito mana." Ya ce, "Ban shirya ba." Ba mai jin wannan magana sai ita da wata kurciya da ta yi sheƙa a saman ɗakinta. Wata tara ya wuce. Tsofaffi suka ce ta yi daka, ta yi. Suka ce ta yi tafiya, ta sha yauƙi, ta kwance kitso, duk ta yi. Kowace yamma yana ƙwanƙwasawa, yana cewa bai shirya ba.

Wata yamma ta saurara, shiru. Ta ce, "Wane ne?" Ba amsa.

"Sai ta tashi ta ɗauki taɓarya," in ji Iya. "Ta buga a turmi, dum. Ta ce, yawwa, ga shi nan. Ta ƙara bugawa, dum. Ta ce, ai na ji shi. Muddin tana daka, tana jin bugu. Da ta tsaya, sai shiru. To, wa zai tsaya?"

Matar ta dake geron gidansu, ta dake na gari. Da hatsi ya ƙare ta zuba yashi. Mutane suna wucewa suna yaba ƙwazonta. Turmi ya fara nutsewa cikin ƙasa, ita ma ƙafafunta suna binsa, har idon sawu, har gwiwa, ba ta daina ba.

Wata yarinyar maƙwabta ta ce, "Iya, ba wanda ya sani?"

"Kurciya ta sani. Ita ce take jin sallamar kullum, ta kuma san ranar da aka daina."

"To, me ya hana ta faɗa?"

Iya ta juyo da fuskarta wajena. Na san ba ta ganina sosai, amma ni ta juyo wa.

"Matar tana watsa mata tsaba kowace safiya. Bakinta a cike yake."

A daidai lokacin akwai dabino a bakina, na ƙarshe cikin bakwai ɗin, ina tsotsarsa a hankali don kada ya ƙare. Na ji ya zama kamar dutse. Na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Kara ya cinye, ba wadda ta tura wani. Daga baya na ji kaina ina magana.

"Iya, ƙoƙon bai faɗi ba. Yau kwana huɗu."

Yaran ba su gane ba, wata har ta yi dariya. Amma Iya ta gane, don ashe duk dariyar da muke toshewa tana jinta ta cikin bango, kuma ta lissafa kwanakin da ta daina ji. Ta riga ta tambayi Yaya sau biyu ko lafiya, Yaya ta rufe fuska ta ce lafiya lau.

Mazarin Innarmu ya faɗi. Ta miƙe tsaye, ta ce, "Rabi!"

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Yaya ta ɗago, ta dubi mahaifiyarta, sai ta fashe da kuka.

Iya ba ta rufe tatsuniyar ba. Ta sa aka kai Yaya ɗaki, ta daɗe da tafin hannunta a kan cikin, ta fito ba ta ce wa kowa komai ba sai babanmu. Da asuba maza huɗu suka ɗauki Yaya a kan gadon kara zuwa bakin hanya, suka jira motar gyaɗa mai zuwa Daura. Bayan kwana shida aka dawo da ita. Ita kaɗai. Namiji ne, an binne shi a can. An ce da an ƙara kwana biyu, da ita ma ba ta dawo ba.

Itacen nan dai an ƙone shi duka. Jego ba ya faɗuwa don ɗa bai zauna ba. Kwana arba'in ana dafa mata ruwa safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, ɗakin kuwa ba kukan jariri. Har yau idan na ji ƙamshin ganyen darbejiya a cikin tafasasshen ruwa, sai in ji gabana ya faɗi.

Aure da neman abinci sun kai ni wurare da yawa bayan haka. Na zauna a Damagaram, na yi shekaru a zangon Kumasi, na yi wasu a Omdurman, na kuma daɗe a Jidda. Ko'ina na je na tarar mata suna da nasu dabarun kiran naƙuda. A Sudan maƙwabciyata hulba take dafa wa 'yarta. A Kumasi na ga ana sa mai ciki ta yi ta hawa da sauka a matakala. Dabino da tafiya kuwa kusan kowa ya yarda da su. Wasu dabarun ba su da illa, wasu kuma, irin jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, na ga sun kai mata asibiti a galabaice. Na koyi yadda ake tambayar mai ciki ko ta ci, ko ta yi tafiya, a harshe huɗu. Amma a duk inda na zauna, tambayar da aka fi jin nauyin yi ita ce ko ɗan yana motsi. Mu kunya ce ke riƙe mana baki. Wasu tsoro ne, kada su ambaci abu ya tabbata.

Na taɓa tambayar wata ma'aikaciyar jinya ko da na yi magana a daren farko, da ya rayu. Ta ce ba wanda zai iya sani. Ban san ko gaskiya ta faɗa mini ko tausayi ba. Yaya Rabi ta haifi shida bayansa, ba ta taɓa tayar da maganar ba sai a ciwon ajalinta. Ina shafa mata ƙafa ta ce, "Kulu, ba laifinki ba ne. Ni na sani tun ranar farko. Daka nake yi don kada in ji shirun." Na ce mata na ji. Amma tun daga wancan dare ban sake cin dabino ba. Na yi azumi sama da ashirin a ƙasashen dabino, da ruwa nake buɗe baki.

Bara jikata Nafisa ta kira ni a waya. A cikin Daura take aure, ni kuma ina Katsina wajen ɗana. Cikinta na fari, ya wuce lokacin da aka ba ta da mako guda.

"Hajiya Kaka, na gaji wallahi. Na ci dabino har ya ishe ni, na zagaya unguwa har yara sun fara yi mini waƙa. Ku a zamaninku me ake yi?"

"Za mu zo kan wannan. Yau ya motsa?"

Ta yi 'yar dariyar kunya. "Kai, Hajiya."

"Ba wasa nake ba, Nafisa. Yau ya motsa?"

Ta daina dariyar. Sannan ta ce, "Tun jiya dai ban ji sosai ba. Amma ƙawata ta ce idan sun kusa fitowa sukan yi lamo."

"Ba mijinki wayar."

Ban taɓa ɗaga wa mijin Nafisa murya ba sai ranar. Kafin la'asar suna asibiti, kafin isha'i an yi mata aiki. Mace ce. An ce cibiya ce ta naɗe ta, ta fito a gajiye, amma ta yi kuka.

Iya ba ta taɓa ƙarasa mana tatsuniyar nan ba. Na tambaye ta sau ɗaya, bayan an gama wankan jego, ko matar ta fita daga cikin ƙasa. Ta ce, "Wannan kuma ya danganta da kurciya." Na daɗe ina ɗauka cewa tatsuniyar hukunci ce a kaina. Sai da na tsufa na gane cewa tsohuwa ce da ba ta gani, wadda al'ada ta rufe mata kowace ƙofa, ta nemi hanya ta bakin yarinya 'yar shekara tara. Ta makara ga yaron, amma ta tarar da uwarsa.

Ranar sunan 'yar Nafisa aka zagayo da faranti, goro da dabino. Na ɗauki dabino ɗaya, na daɗe ina jujjuya shi a hannu. Can bayan gida wata tana daka, dum, dum. Na kasa kunne har ta tsaya, sai na ji jaririyar tana kuka a ɗaki. Na ƙulle dabinon a bakin gyalena. Yana nan har yanzu, ban ci ba, ban kuma yar ba.