Rigar Jaririn da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Jarle Fagervik mai zanen dodanni ne. Haka yake faɗa idan an tambaye shi sana'arsa, ba ya ƙari ba ya ragi. Ya ba hamsin baya, dogo ne mai ɗan rankwafawa, kuma shi ya fi kowa shekaru a wani ƙaramin kamfanin wasannin kwamfuta a birnin Trondheim, a benen wani tsohon siton kifi da ke bakin kogi. Irin wasan da suke yi shi ne wanda mutum zai shiga rigar jarumi, ya yi ta ratsa ƙauyuka da dazuzzuka yana sare duk abin da ya tare masa hanya. Abin da ake sarewar, Jarle ke zana shi.

A wani tsibiri na gaɓar teku, a yankin Helgeland, aka haife shi. Ubansa masunci ne da ba ya yawan magana, uwarsa Borghild kuma ba a raba hannunta da saƙa. Dodannin da yake zanawa daga bakin tsofaffin tsibirin ya ji su yana yaro, tun ana faɗarsu don hana yara zuwa bakin ruwa. Wataƙila shi ya sa yake da wata ƙa'ida da abokan aikinsa suka gaji da ita: ba ya zana dodo sai ya riƙe wani abu nasa na gaske a hannu. Da zai zana draug, fatalwar masuncin da teku ta ci, sai ya shigo ofis da ruɓaɓɓiyar igiyar jirgi da ciyawar teku cike da bokiti. Sati guda ana aiki da tagogi a buɗe, ga sanyi.

"Tsoho," in ji Sindre, shugaban kamfanin, wanda Jarle ya kusan haifa, "ranar da za ka zana Shaiɗan ka yi mana sanarwa, mu san abin da za mu tarar a kan tebur."

Amma Sindre ya san dodannin Jarle ne ke sayar da wasan, don haka bai taɓa hana shi ba.

A wasansu na baya-bayan nan aka zo kan utburd. A labarin mutanen da, utburd jariri ne da aka yar a daji, ba baftisma, ba suna, ba kabari. Yakan yi kuka a bayan gari, ya ɗale bayan matafiyi, ya yi ta ƙara nauyi har ƙafafun mutum su nutse cikin ƙasa. Jarle ya yi wa sauran bayani cewa a labarin ba a kashe shi. Suna ake ba shi, sai ya kwanta.

Sindre ya yi dariya. "Mutum ya wahala ya samu takobi, ka ce ya je bikin suna? Ko mu toya masa kek? A'a, tsoho. A sare shi, wuƙar azurfa ta faɗo a matsayin lada, a wuce gaba. Kai dai ka sa ya ba da tsoro."

Jarle bai yi musu ba. Ya sha jin irin wannan.

A lokacin ne aka mayar da Borghild gidan tsofaffi, don ƙafafunta sun ƙi, Jarle ya hau jirgin fito ya je kwashe kayan gida. A ƙasan wani akwatin katako, ƙarƙashin barguna, ya ga wata 'yar rigar jariri ta farin ulu, an jera mata ƙananan jiragen ruwa shuɗɗa a ƙirji. Jirgi ɗaya a kife yake, alamar mai saƙar ta yi kuskuren lissafi. Hannun hagu ba a ƙarasa shi ba, zaren yana reto. Ya ɗauka saƙa ce da ta gundure ta ta ajiye, irinsu da yawa a gidan. Ya sa a aljihu. Bai tambaye ta ba, don ranar tana ta kuka a kan rabuwa da ɗakin girkinta.

A ofis ya ɗauki hoton rigar ta kowace kusurwa, har silin zaren ya fito. Ya shafa mata laka a cikin kwamfuta, ya sa wa dodon, ya bar siririn hannun hagu a waje tsirara. Da Sindre ya gani sai ya ja da baya daga allon.

"Kai! Wannan zai hana mutane barci. Ina ka samo?"

"A gida."

Wasan ya fita, ya karɓu fiye da zaton kowa. Ba draug aka fi magana a kai ba, ba sauran manyan dodannin ba, sai wannan ɗan abin mai riga da jiragen ruwa. Aka buga shi a jikin riguna da kofuna. Gidan talabijin na yankin ya yi rahoto a kan ɗan tsibiri da zanensa ya zagaya duniya, ma'aikatan gidan tsofaffi kuwa, don su faranta wa Borghild rai, suka turo ta a keken guragu gaban talabijin suka ƙara murya.

Washegari wata nas ta kira Jarle. Ta ce tsohuwar ba ta ci komai ba tun jiya, kuma ta ce a kira shi.

Ya same ta da rana a bakin taga, kofi ya huce a gabanta, wainar da aka kawo mata da jan cuku ko taɓawa ba ta yi ba.

"Mama, an ce kin shiga yajin cin abinci. Wa ya ɓata miki?"

"Zauna. Ina ka samo rigar nan?"

"A akwatin barguna. Na ga ba ki ƙarasa ba, na ce ai..."

"Ka ce ai. Tun kana ƙarami haka kake, abin da ka gani naka ne." Ta murza yatsunta. "Kafin kai akwai wani."

Bai taɓa ji ba. Ita ma ba ta taɓa faɗa ba, ko ga 'yan uwanta mata. Ta ba shi labarin da murya ɗaya, kamar mai lissafin kayan cefane. Shekara biyu kafin a haife shi, cikin hunturu, naƙuda ta zo mata da wuri tana kan hannun hagu na rigar. Aka tsallaka da ita asibiti. Yaron ya fito bai yi kuka ba. Ungozoma ta rufe shi da tawul ta fita da shi, ba a nuna mata fuskarsa ba, don a lokacin an yarda cewa ganin yana ƙara wa uwa ciwo. Aka ce ta koma gida ta huta, ita yarinya ce, za ta samu wani.

"Ina aka binne shi?"

"Ba a yi wa irinsu kabari. Sai a jira wani babba ya mutu, a buɗe akwatin gawarsa, a sa jaririn wajen ƙafafu, a rufe. Dangin mamacin ma ba sa sani. Babanka ya tambayi mai haƙan kabari, ya ce masa ba a faɗa. Yana can ƙarƙashin sunan wani tsoho, ko wata tsohuwa. Na yi shekaru ina bin kaburburan wannan hunturun ina zuba musu ruwan fure, duka, ko zan dace."

Jarle ya rasa inda zai sa idonsa.

"Jiya na gan shi," in ji ta. "Karo na farko da na ga rigar a jikin wani. Sai wani ƙato mai gemu ya zo ya sare shi, mutane suka yi ta tafa masa. Sau nawa ake yi masa haka?"

"Mama, zane ne kawai. Ba..."

"Na san zane ne, ba hauka nake yi ba. Sau nawa?"

"Duk wanda ya sayi wasan sai ya bi ta nan."

"To ka hana su. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko zuwa Kirsimeti. Ka hana su."

Ya koma Trondheim ya faɗa wa Sindre komai. Sindre ba mugu ba ne. Ya dafe kansa ya ce, "Jarle, da na sani da ban bari ba. Amma abin ya shiga gidajen mutane, ba mu da ikon bi ɗaki-ɗaki mu tuɓe masa riga. Masu rarraba wasan kuma ba za su yarda a taɓa shi ba, shi ne fuskar kayansu. In aka cire saran, ba wuƙar azurfa, in ba wuƙar azurfa rabin wasan ya rushe."

Suka yi ta ja har suka tsaya a tsakiya. Saran yana nan. Amma a gyaran da za a aika wa masu wasa, za a ƙara hanya ta biyu: wanda ya ga dama ya mayar da takobinsa kube, ya bar jaririn ya hau bayansa, ya kai shi maƙabartar coci ya ba shi suna. Ba lada, ba wuƙa, sai doguwar tafiya. Duk wanda ya zaɓi haka sai ya nemi wuƙar ta wata hanya mai wuya.

Hunturun nan Jarle bai zana wani dodo ba. Nauyi ya yi ta zanawa: yadda kafaɗar jarumin ke saukowa, yadda gwiwarsa ke rawa, yadda ƙafa ke nutsewa a ƙanƙara a kowane taku. Ya cika jakar goyo da duwatsu ya yi ta hawa da sauka a matakalar ofis, ana ɗaukarsa hoto. Wannan karon ba wanda ya yi masa ba'a.

Saura suna. Ya sake hawa jirgin fito. Ya tarar Borghild ta rame, amma idonta garau.

"Mama, wane suna kika so sa masa? Shi zan sa."

Ta dube shi har ya tsargu.

"Ai kai na ba."

"Ni?"

"Jarle sunan kakanka ne na wajen uba. Ɗan fari namiji shi ke ɗauka, haka ake yi a tsibirin nan. Da wancan bai zauna ba, kai ka zo, babanka ya ce kada sunan ya faɗi ƙasa. Wata takwas ina kiransa da shi a ciki. Ranar da fasto ya zuba maka ruwa ya ambaci sunan, sai na ji kamar na tuɓe wa ɗaya riga na sa wa ɗaya. Ba ni da wani sunan, ɗana. Guda ɗaya ne, kuma ka sa shi har ya tsufa a jikinka."

Sunan nan ya rubuta a wasan. Da Sindre ya gani ya ce mutane za su ɗauka yabon kai ne. Jarle ya ce su ɗauka, shi aro aka ba shi.

Da gyaran ya fita, ya kai wa Borghild kwamfutarsa ya ɗora a kan tiren abinci. Ya yi mata wasan da kansa. Ta ga jarumin ya durƙusa, ɗan abin ya ɗale bayansa yana kuka. Ta ga tafiyar, doguwa, har sau biyu mai goyon yana faɗuwa. A ƙofar maƙabarta jarumin ya faɗi sunan, kukan ya tsaya, ya sauke shi ya ja masa rigar ta rufe hannun hagu iyakar inda ta kai.

Borghild ta sa yatsa a kan allon, daidai jirgin da ke kife.

"Ka ga kuskurena," in ji ta. "Na so in warware, ban samu lokaci ba." Sannan ta ɗago. "Yanzu sun daina?"

Jarle ya san amsar. Kamfanin yana ganin abin da masu wasa ke zaɓa, kuma kusan dukkansu wuƙar suke so. Wasu ma sun gwada goyon sau ɗaya, suka rubuta cewa ɓata lokaci ne. Yana iya ce mata sun daina, ba mai ƙaryata shi a ɗakin. Amma an riga an yi mata irin wannan tausayin sau ɗaya, da tawul.

"Wasu sun daina, Mama."

"Wasu," in ji ta. Ta janye yatsanta, ta juya wajen taga. "To rufe abin."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta rasu lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa.

Ranar jana'iza, kafin a rufe akwatin, Jarle ya fito da rigar daga aljihunsa. Mai shirya gawa, mutum mai ladabi, ya miƙa hannu zai karɓa.

"A ƙirjinta zan sa, ko a hannunta?"

"Wajen ƙafafu," in ji Jarle. "Nan ake sa su."

Har yau yana benen siton kifin, yana zana dodanni, don ba shi da wata sana'ar. Ya daina shigo da kaya daga gida. Akwai wani allo a bangon ofis da ke nuna abin da masu wasa suke yi a duniya a kowane lokaci, wa ya sare me, wa ya mutu a ina. Da ya dawo daga jana'iza ya juya teburinsa ya ba allon baya. Ba wanda ya tambaye shi dalili, ba kuma wanda ya kashe allon.