Yadda Anti Tchima Ta Binciki Ɗan Kanada

Duk macen da ta taɓa zama a kujerar kitson Anti Tchima a East Greensboro ta san hannunta ba ya zafi, ta kuma san ba ta yarda da kowa ba. Mutuniyar Maraɗi ce. Ta biyo mijinta Amurka tana amarya, ya yi ta ɗaukar kaya a wani sito har ciwon zuciya ya ɗauke shi, ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Anissa. Da kitson nan ta riƙe gida, da shi ta kai yarinyar har ta zama nas. Sai dai wahalar ta bar mata hali. In mai kawo saƙo ya cika fara'a, sai ta juya kwalin ta ga ko an buɗe. In wayarta ta nemi a sabunta ta, ta kife ta a tebur ta ce, "Ba da ni ba."

Wannan matar ce Anissa ta zo wa da maganar Kader, wani ɗan Damagaram mai aikin kwamfuta a Calgary, can Kanada. Sun haɗu a wani biki, sun daidaita, yanzu yana son turo manyansa. Tchima ta ce to, amma sai an yi bincike tukuna.

Can gida Maraɗi, kafin a karɓi gaisuwar saurayi, akan tura mutum unguwarsu ya tambayi liman da mai kanti da tsofaffin maƙwabta, ya dawo ba wanda ya san ya je. To a Calgary wa Tchima ta sani? Ko kare. Amma ta ji an ce yaron ba ya rabo da rubutu a shafinsa na intanet, sai ta ce ai ga unguwar tasu nan a tafin hannu.

Matsalar ita ce Turancinta na kasuwa ne, ba na karatu ba. Saboda haka ranar da Rahina, wata 'yar Kano mai aiki a banki, ta zo kitso, Tchima ta tsaga kai, ta kama tushen farko yadda ba damar tashi, sannan ta miƙa mata wayar.

"Karanta mini. Mi wanga yaro ya ce?"

"Anti, cewa ya yi kuɗin haya a Kanada ya fi ƙarfin matasa."

"Voilà! Ba shi da gida."

"A nan kuma ya ce manajoji sun cika kiran taron da ba shi da amfani."

"Yana zagin maigidanshi a bainar jama'a? Kora na nan tafe. Ci gaba."

"Ya ce AI ɗin nan yana rage masa rabin aiki."

Tchima ta ja gashi har Rahina ta ce wash. "Ashe ma na'ura ke yi mishi aikin. Raggo ne."

Haka aka yi ta yi. Da ya soki jam'iyyun Kanada duka a kan zaɓe, ta ce mutum ne marar alƙibla. Da ya yabi asibitocinsu, ta ce dama nas yake nema ta ciyar da shi. Da ya yi kwanaki bai rubuta komai ba, nan hankalinta ya fi tashi, ta yi ta tambayar masu kitso me yake ɓoyewa.

Maganar gaskiya, Kader surutu ne da shi kawai, irin na samarin da ke zaune a fada, wato majalisar hira, ana dafa shayi, kowa ya zama minista kafin a zuba kofi na biyu. Ita ma Tchima a ƙasan ranta ta san haka. Tsoro ne ya cika ta. Kanada da nisa, ga sanyi, ita kuwa in Anissa ta tafi ba ta da kowa a ƙasar nan sai madubi da matajin kai. Laifi take nema ko ta halin ƙaƙa, wanda za ta riƙe ta ce a'a ba tare da an ce son kai ya sa ta ba.

Abin da ta manta shi ne, bincike a ɓoye ake yinsa, ita kuwa a shago ta yi nata. Duk wadda ta karanta mata ta tashi da sabon kitso da sabon labari. Kafin wata ya ƙare, a wajen wani suna a Summerfield, can gefen gari, mata suna ta dariyar "ɗan Kanada mai gidan haya". Wasu ma har sun bi shi shafin nasa, suna tambayarsa ko an kore shi daga aikin.

Wata Asabar da hantsi, wata mota ta tsaya a ƙofar shagon. Alhaji Tassiou ne ya fito, kawun Kader, tsohon direban babbar mota da ke zaune a Pleasant Garden, nan kusa da su. Tchima ta sallami wadda take yi wa kitso, ta kawo masa ruwa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, ya tambayi aiki da gajiya da yarinya. Tana kallon hularsa tana lissafin abin da ya kawo shi.

"Hajiya," ya ce a hankali, "kin yi bincikenki, hakkinki ne. Mu ma mun yi namu."

Ko sau ɗaya Tchima ba ta kawo a ranta cewa ita ma ana bincikarta ba.

"Ba mu sami aibi ga Anissa ba, wallahi ko ɗaya. Duk wanda muka tambaya sai yabo. Amma yaronmu ko gaisuwa bai kawo ba, ya zama abin hira a garin da bai taɓa kwana ba. Maganar ta kai Damagaram. Uwarshi ta ce in tun yanzu haka ne, ina ga an zama surukai. Sun ce a bar maganar."

Da ya tafi, Tchima ta ɗauke kofin ruwan. Ba za a ɓoye ba, abin da ta fara ji sauƙi ne, kamar an sauke mata tulu daga ka. Anissa ba za ta Kanada ba.

Da yamma ta shirya wa kuka da faɗa, har ta tanadi amsoshinta. Anissa ta dawo daga asibiti, ta riga ta ji komai daga bakin Kader. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "It's okay, Mama," ta wuce ɗakinta. Washegari ta gaishe ta, ta yi wanke-wanke, ta tafi aiki. Haka ma ranar da ta biyo. Sai dai hirar nan da takan kawo ta marasa lafiya da abokan aiki ta ɗauke ƙaf. Tchima ta yi ta bin fuskarta da kallo tana neman abin da take ƙullawa, ba ta ga komai ba.

Ranar Lahadin da ta zagayo Anissa ta fita tun safe, ta dawo bayan la'asar. Tana cire ɗankwali a falo, Tchima ta ga sabon kitso a kanta, tsagar a karkace, tushen ya ja mata fata har goshi. Tun ranar da aka haifi yarinyar nan, hannun wata bai taɓa shiga gashinta ba.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Wata ce a can cikin gari, Mama," in ji Anissa. "Ba ta jin Hausa."