Irin Zamarken da Aka Ce Na Dafa

Ranar da Oga Bitrus ya ba ni takardar tuhuma wai na dafa irin shuka, har gobe tana nan a raina. Ni da na yi furfura a gandun rainon tsirrai, yaron da ya zo jiya da satifiket ya cire ni daga lambu ya miƙa mini tsintsiya.

Ga yadda abin ya faru. Ruwa na cin bakin rafi ta wajen Kona, aka ce mu dasa abin da zai riƙe ƙasa. Na ce zamarke, wannan dogon tsiron fadama mai fure rawaya. Da ƙafata na je garin Iware na tsinko irinsa. To ƙwayar zamarke tana da taurin fata. Sai ka tafasa ruwa, ka sauke, ya ɗan huce, ka zuba iri ya kwana a ciki, sannan ya tsiro.

Ina cikin zubawa Oga Bitrus ya shigo.

"Danjuma, alale za ka yi mana?"

Na ce, "Yallaɓai, jiƙawa nake."

"A wane littafi ka gani?"

Ba ni da littafi. Ya sa aka watsar da nawa a kwatamin bayan gandu, ya rubuta cewa in na ƙara, sai sallama. Sauran irin ya shuka shi busasshe a kan tudu, layi-layi da igiya, kamar fulawar otal.

Damina ta yi nisa, gadajen shukarsa ba komai sai ciyawa. Kwatami kuwa? Zamarke ya fi ni tsayi, fure ko'ina, zuma na ta kai da kawowa. Kullum da safe can nake fara shara ina waƙa, leburori na dariya.

Da manya suka zo dubawa daga hedkwata, a gaban kwatamin suka tsaya ɗaukar hoto. Suka ce irin wannan suke so a bakin rafi gaba ɗaya.

Suna tafiya Oga Bitrus ya lallaɓo. "Baba Danjuma, ruwan nan, zafinsa kamar yaya?"

Yau kuma na zama Baba! Na jingine tsintsiya na dube shi.

Na ce, "Yallaɓai, zan nuna maka. Amma takardar nan, da hannunka za ka yage ta a gaban kowa. Kuma kai za ka hura wutar. Ni shara ta gama da bayana."